Ranar da Garin Wescott Ya Yarda da Elwin

A garin Wescott, in kana son a zartar da wani abu a taron gari, to ka yi addu'a Elwin Gadapee ya tashi ya ce bai yarda ba. Wannan ba sharri ba ne, kowa ya san haka, har shi Elwin ɗin. Sama da shekara talatin ke nan, duk Talatar farko ta watan Maris, yana sa jar rigarsa ta ulu, ya zauna a kujerar da ke kusa da murhu a zauren gari, ya ɗora hula a gwiwa, yana jiran a karanto batu ya ce a'a. Ya ƙi sabuwar motar kashe gobara, aka saya. Ya ƙi fitilun bakin gada, aka kafa. Bara ya ce lasifika ɓarnar kuɗi ce a zauren da ko tari ka yi sai na baya ya ji, sai da aka liƙa ta a kowace kusurwa har da kicin ɗin da ke ƙasa.

Ba wai an tsane shi ba ne. In motarka ta kafe a taɓo, shi za ka fara gani da tarakta, kuma ko kofin shayi ba zai karɓa ba. Abin dai ya zame wa gari jiki: Elwin ya yi magana, Burt Laclair mai garejin bakin hanya ya tashi ya yi masa ba'a, jama'a su yi dariya su bi Burt, a sauka a ci gasasshen wake. Tun suna aji ɗaya a firamare suke wannan abin. Burt ya taɓa rantsuwa a gaban jama'a cewa duk ranar da aka gan shi tsaye ɓangare ɗaya da Elwin, a kira masa likita.

Wescott ba ta da makarantar sakandare, ba ta kuma taɓa yi ba. Tun zamanin kakanni, in yaro ya gama firamare, gari ne ke biya masa kuɗin makaranta daga harajin gidaje da gonaki, ya je inda iyayensa suka zaɓa. Yawanci Brayton suke zuwa, tsohuwar makarantar kuɗi da ke ƙasan kwari, inda 'ya'yan masu hali daga birane ke kwana, 'ya'yan manoma kuma su je da safe su dawo da la'asar. Ba wanda ya taɓa kawo wannan gaban taro, saboda haka Elwin bai taɓa samun damar ƙin sa ba. Sai a bana, da haraji ya hau, wasu suka nemi a kaɗa ƙuri'a: a ci gaba da biya, ko a daina, mota ta riƙa kwasar yara gaba ɗaya zuwa sakandaren gwamnati da ke can bayan dutse.

A Brayton ɗin nan jikar Elwin, Della, take, kuma shekara ɗaya ta rage mata. Tun tana rarrafe uwarta ta rasu, shi da matarsa Norene suka raine ta a tsakanin shanu. Makarantar tana da garke nata na kanta da malamar da ke koyar da kiwon lafiyar dabbobi, kuma malamar ta ce in Della ta gama a hannunta, za ta tsaya mata ta samu tallafin zuwa jami'a. In gari ya janye hannu, nonon da Elwin ke sayarwa ba zai biya ko zango ɗaya ba. Makarantar bayan dutse ba ta da laifi, sai dai ba garke, ba malamar, kuma yarinyar za ta bar gida kafin a fara tatsa, ta dawo bayan an gama. Elwin bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma wannan tatsar da suke yi tare, tana surutu yana gunaguni, ita ce abin da ya fi so a duk yininsa.

Ana gobe taro suna ɗakin shanu, ta ɗago kai daga ƙarƙashin wata jar saniya ta ce, "Kaka, zan roƙe ka abu ɗaya."

"In kuɗi ne babu."

"Kyauta ne. Gobe in an zo kan batun makaranta, ka yi shiru kawai. Ka yi kamar barci ya ɗauke ka, ai ka iya, kullum kana yi a coci."

"Ni ba na barci a coci, ido nake rufewa in ji da kyau."

"To gobe ma ka ji da kyau."

Ya ce ta kula da wutsiyar saniyar nan kada ta mare ta. Amma kansa ya riga ya fara aiki, kuma da ta tafi makaranta, yana cin ƙwai a teburin kicin, ya zayyana wa Norene dabarar da ya ƙulla. Shiru ba zai wadatar ba, in ji shi. Mutane sun ji jiki bana, za su iya yin komai. Abu ɗaya ne bai taɓa kuskurewa ba a garin nan: duk abin da ya ƙi, sai an yi. Saboda haka zai tashi ya ƙi biyan kuɗin makarantar da dukan ƙarfinsa, Burt ya yi masa kaca-kaca, jama'a su yi abin da suka saba.

Norene ta ajiye butar shayi ta dube shi. Ita kanta shekara da shekaru ƙuri'arta ba ta taɓa haɗuwa da tasa ba, kuma aure bai girgiza ba.

"Wato yau ka gane cewa ba a jin maganarka," ta ce.

"Tuntuni na sani. Yau ne dai za ta yi amfani."

"Ka gaya wa yarinyar."

"In na gaya mata, fuskarta za ta tona ni. Ba ta iya ɓoye komai ba. Ballantana ma tana ƙasa ita da 'yan ajinsu suna raba abinci, kafin ta hau an gama."

"Elwin, tsufa ya sa ka fara wayo, kuma bai yi maka kyau ba."

Ya ce ƙwan ya yi gishiri.

Ranar taro ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk ta zama taɓo, zauren ya cika da warin jiƙaƙƙen ulu da ƙamshin wake da ke tasowa daga ƙasa. Arlene Tatro, wadda ta yi ritaya daga gidan waya, ita ke jagorantar taro da 'yar gudumarta ta katako, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kan ƙa'ida, ko da fasto ne. Norene na can gaba cikin masu ƙirga ƙuri'a. Burt kuwa yana inda ya saba, hanyar wucewa ce kawai tsakaninsa da Elwin, don ya fi jin daɗin yi masa ba'a daga kusa.

Da aka karanto batun makaranta, Elwin ya dafa kujerar gabansa ya miƙe a hankali, saboda gwiwarsa ta hagu ta daɗe da daina yi masa biyayya. Jama'a suka gyara zama, wasu har sun fara murmushi.

"Shugabar taro," ya ce, "ni ban yarda ba."

Aka ɗan yi dariya, irin ta maraba da tsohon sani. Da a nan ya tsaya, da an wuce wurin. Amma Elwin mutum ne da in ya kama aiki sai ya yi shi da kyau, ko da aikin ƙarya ne, kuma matsalar ita ce abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Ya yi maganar yadda kuɗin nono ya faɗi, abincin shanu ya tashi. Ya ambaci gonakin da aka rufe a kan hanyar tafki, ɗaya bayan ɗaya, da sunayen masu su. Ya ce akwai tsofaffi a zauren nan da ke rage wutar ɗumama ɗaki don su iya biyan haraji. Har ya juya wajen Jeanette Rondeau, wadda mijinta ya rasu shekarar da ta wuce, ya ce kowa ya san abin da ya sa ta sayar da filin bayan gidanta. Ya rufe da cewa in yaro mai karatu ne, ko a bayan dutse zai yi, ba sai an kai shi cikin 'ya'yan masu kuɗi ba.

Ya daɗe a tsaye, fiye da yadda gwiwar ke so. Da ya zauna sai ya jira dariya, bai ji ta ba. Zauren ya yi tsit. Can daga baya wani ya tafa, wani ya taya shi, kafin ka ce me, rabin zaure na tafi. Shekara talatin Elwin yana jiran wannan sauti, ga shi ya zo a ranar da ba ya son sa.

Ya waiga wajen Burt kamar mai neman ceto. Burt ya tashi, ya ja wandonsa sama, ya ce, "Shugabar taro, mutumin da har yau yake ɗinke safar da ya yi aure da ita ne zai koya mana tattali?" Ba'a ce mai kyau, a wata shekarar da ta kwashe zaure. Yau mutum biyu ne suka yi dariya, ɗaya ma matarsa ce. Burt ya ɗan ƙara 'yan kalmomi a kan amfanin ilimi, ya zauna yana sosa ƙeya.

Sai Jeanette ta miƙe. Ba ta taɓa magana a taro ba. Ta riƙe jakarta da hannu biyu ta ce ita ba ta da matsala da yaran kowa, tana son su duka, amma ta gode wa Elwin da ya faɗi abin da kunya ta hana ta faɗa. Tana gamawa ta zauna.

Wasu iyaye suka yi magana, ba su iya magana ba. Elwin ya ɗaga hannu, ya ɗaga har hularsa.

"Ka riga ka yi taka, Elwin," in ji Arlene. "Ba mai yin ta biyu sai kowa ya yi ta farko."

"Gyara ne ɗan kaɗan, shugabar taro."

"Ka san ƙa'ida fiye da ni, saboda kai da Burt aka rubuta ta."

Kafin kowa ya gama ta farkon, wani mai jin yunwa ya nemi a rufe muhawara, jama'a suka amsa, guduma ta sauka. A lokacin ne Elwin ya ɗaga kai ya ga baƙin akwatin lasifikar da ke saman ƙofar matakala, ya tuna akwai wani akwatin irinsa a kicin. A ƙarƙashinsa kuma, a bakin ƙofar, Della ce tsaye da rigar girki, ludayi a hannu. Gaskiyarsa, fuskarta ba ta iya ɓoye komai ba. Ba fushi ne a kai ba, da fushi ne da sauƙi. Ta dube shi kamar wanda ba ta sani ba, ta juya ta sauka. Zuciyarsa ta yi masa ciwo irin wanda bai ji ba tun ranar da aka binne uwarta.

A Wescott, batu mai nauyi ba a kaɗa masa ƙuri'a da baki. Miƙewa ake yi a ƙirga mutum, maƙwabcinsa na kallo.

"Masu son gari ya ci gaba da biya," in ji Arlene, "su miƙe, su tsaya har a ƙirga su."

Iyayen yara suka miƙe, da fasto, da wasu tsiraru. Ba sai an ƙirga ba, ido ma ya ga ba su kai ba. Elwin ya dafa kujerar gaba ya yunƙura, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ya sake yunƙurawa, ya koma daɓas. Burt na tsaye a gefensa yana kallon sama, don kada a ce ya ga abin da bai kamata ba.

"Burt," Elwin ya ce ƙasa-ƙasa, "kama ni."

"Ba naku ba ne, kurma. Wannan na masu son a biya ne. Naku na zuwa."

"Na ji. Kama ni na ce."

Burt ya sauko da ido ya dube shi, ya dubi ƙofar matakala, ya sake dubansa. Mutum ne mai surutu amma ba wawa ba ne.

"Kai tsohon banza," ya ce a hankali. "Abin da ka yi ke nan?"

Ya sa hannu a hammatarsa ya ɗago shi, kuma bai sake shi ba, don ya ji gwiwar na rawa. Haka suka tsaya a tsakiyar zaure, mai gareji da mai shanu, hannu cikin hannu kamar masu shirin ɗaukar hoton biki.

Guna-guni ya tashi. Wani ya ce, "Elwin, ka ruɗe ne?" Arlene ta buga guduma ta ce ba a magana ana ƙuri'a. Saboda haka bai samu damar bayani ba, kuma wataƙila hakan ya fi, don bakinsa ya yi isasshiyar ɓarna a ranar. Ya tsaya kawai da hula a hannu, kunnuwansa sun yi ja kamar rigarsa, mutumin da ya gama ƙin abu yanzun nan, ga shi tsaye yana goyon bayan abin a gaban duk wanda ya san shi.

Can daga baya wata tsohuwa ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "To, a kira wa Burt likita."

Dariyar da aka hana Burt ɗazu ta ɓarke gaba ɗaya, har Arlene sai da ta rufe baki da takarda. A cikin dariyar mutane suka fara gane abin da ya faru, don ba wanda bai san jikar wa ke Brayton ba, kuma da yawansu ta taɓa zuwa da dogon takalminta ta taya su karɓar haihuwar maraƙi. Mai shagon katako ya miƙe yana girgiza kai. Wasu 'yan'uwa biyu masu tatsar ruwan zaƙin bishiya suna dafa shi ya zama kamar zuma suka dubi juna suka miƙe. Ba kowa ba, amma kujeru suka riƙa ƙara nan da can. Norene ta bi layi tana nuna kowa da yatsa, da ta iso kan mijinta ta ɗan tsaya, karo na farko ke nan da za ta ƙirga shi a ɓangarenta. Ta gyara masa wuyan riga ta wuce.

"An ƙirga, ku zauna," in ji Arlene.

Kowa ya zauna ban da Elwin, da Burt da ke riƙe da shi.

"Elwin, an ƙirga ka. Yanzu masu son a daina ne za su miƙe. In ba ka zauna ba, da kai da Burt za mu sa ku a cikinsu."

"Shugabar taro, akwai wadda ba ta ƙirga ni ba tukuna."

Ya faɗe ta ne yana kallon ƙofar matakala, kuma lasifikar da ya ƙi ta kai saƙon inda aka aike ta. Arlene, wadda ba ta ɗaga wa fasto ƙafa, ta sunkuyar da kai tana ta gyara takardun da ba su hargitse ba. Aka ji takun ƙafa a matakala. Della ta fito, idonta jawur, har yanzu da ludayin a hannu. Ta ratsa tsakiyar zaure ta tsaya a gabansa.

"Na ce maka ka yi shiru kawai," ta ce.

"Kin faɗa."

"Ka san abin da na ji a ƙasa?"

"Na sani, 'yar nan."

Ta ɗaga yatsa ta taɓa ƙirjinsa, yadda masu ƙirge ke yi. "Na gan ka, Kaka. Yanzu ka zauna, kafin ka kayar da ni da ƙafarka bayan ka gwada da baki."

Ita da Burt suka zaunar da shi. Ba ta koma kicin ba, ta tsaya a bayan kujerarsa ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

Masu son a daina suka miƙe, kuma ba kaɗan ba ne. Jeanette na cikinsu, tsaye da jakarta, tana kallon Elwin kai tsaye. Bai kawar da ido ba. Ya yi amfani da ciwonta a wasan da ba ta san ana yi ba, kuma ya san sai ya je har ƙofar gidanta ya faɗi haka da bakinsa, ba itacen wuta ko aikin tarakta da zai biya masa wannan. Duk lokacin da ake ƙirgen hannun Della bai bar kafaɗarsa ba.

Masu ƙirge suka haɗa kai a gaba, suka sake bi, suka miƙa wa Arlene. Ta ce gari zai ci gaba da biya, da 'yar tazarar da ba ta kai mutanen benci ɗaya ba. Hannun da ke kafaɗarsa ya matse shi har sai da ya ji zafi.

Arlene ta buga guduma ta karanto batu na gaba, sabon rufi ga rumbun ajiye gishirin da ake barbaɗa wa hanya don narkar da ƙanƙara. Ta tambaya ko akwai mai magana. Kawuna suka juya wajen murhu, yadda suka saba juyawa shekara da shekaru, Burt har ya fara jan wandonsa yana shiri. Aka jira. Ba wanda ya san yadda zai yi da ƙuri'arsa sai ya ji ta bakin Elwin, Elwin kuwa bai ma ji abin da aka karanto ba. Ya ɗora tafinsa mai kaushi a kan hannun yarinyar, ya rufe ido, kuma wannan karon da gaske ba barci yake yi ba.